Gubar da ke kwance cikin ƙashi tana jiran ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu taɓo wani giɓi da ke cikin shawarar da ake bai wa masu juna biyu. Ana ce wa mace ta je awo, ta sha maganin ƙarin jini, ta huta, kuma duk daidai ne. Amma da wuya a tambaye ta sana'ar maigidanta, ko inda take ɗebo ruwan sha, ko man da take shafawa. Alhali wata gubar tun kafin ciki ya shiga take zaune a jiki, wata ma tun mace tana yarinya.

Dalma ce kan gaba. Idan ta shiga jiki, a cikin jini ba ta daɗewa, rabinta kan bar jinin cikin kamar wata guda. Sai dai ba duka ke fita waje ba. Jiki yana ɗaukar ta tamkar sinadarin kalsiyam, sai ya kai ta ƙashi da haƙora ya ajiye. A jikin baligi, fiye da kashi 90 cikin ɗari na dalmar da ke tare da shi a ƙashi take, kuma tana iya shafe shekaru gommai a can. Da ciki ya tsufa, musamman a watanni ukun ƙarshe, ɗan tayi na buƙatar kalsiyam mai yawa don gina nasa ƙashin. Idan abincin uwa bai wadatar ba, jikinta sai ya kwaso daga ƙashinta, dalmar da ta kwanta shekara goma ko ashirin ta biyo baya ta koma jini. Mabiyiya ba ta tare ta, shi ya sa in aka auna jinin cibiya a ranar haihuwa, akan samu adadin ya yi kusa da na uwa. Abin da kan biyo baya shi ne ɓari, haihuwar bakwaini, jariri mara nauyi, hawan jinin masu ciki, sannan taɓuwar ƙwaƙwalwar da ba a gane ta sai yaro ya shiga makaranta ana ce masa daƙiƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa. A ƙa'idojinta na 2021, in gwaji ya nuna maikrogiram 5 a kowace desilita ta jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, dole a nemo inda gubar ke fitowa a toshe. A Amurka ma, tun 2021 ɗin, daga 3.5 ake fara bibiyar yaro. Man fetur na mota mai dalma ya ƙare a duniya a 2021, Aljeriya ce ƙasar ƙarshe da ta daina sayar da shi, amma sauran hanyoyin suna nan: fasa tsohon batirin mota da narka shi, kankare tsohon fenti, walda, ƙona tarkacen kayan lantarki, tsofaffin bututun ruwa, da niƙa dutsen ma'adinai. Na ƙarshen nan ne ya hallaka yara sama da 400 a Zamfara a 2010, domin a cikin gidaje ake niƙa dutsen zinare, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Ƙaramin yaro kan tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa, ga shi kuma hannunsa daga ƙasa sai baki.

A nan ne maza ke shigowa, kuma su ne aka fi mantawa da su. Mai aikin batir ko fenti yana tashi daga aiki da ƙura a riga, a gashi, a ƙarƙashin farce da tafin takalmi. Ya shigo gida ya ɗauki jariri, ya zauna kan gado, matarsa mai ciki ta kakkaɓe kayan ta wanke. Shi ke nan an raba gubar gida uku. Gyaran ba shi da wuya: kayan aiki su kwana a wurin aiki, a yi wanka da sabulu kafin a taɓa yaro, takalmi ya tsaya a ƙofa, a wanke kayan aikin daban, kuma ba mai cikin ce za ta wanke ba. A cikin ɗaki a bar shara da busasshiyar tsintsiya, don tayar da ƙurar take yi ta koma hanci da kwanon abinci. A goge da jiƙaƙƙen tsumma, a zubar da ruwan nesa da inda yara ke wasa.

Cikin da babu abinci ya fi tsotsar dalma, haka ma jikin da ke fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe, domin ƙofa ɗaya suke bi a hanji. Don haka maganin ƙarin jinin da ake bayarwa a awo aiki biyu yake yi. A wani gwaji da aka yi a birnin Meziko, masu cikin da aka bai wa miligiram 1,200 na kalsiyam kullum sun samu raguwar dalma a jini da kusan kashi 11 cikin ɗari. Ba magani ba ne, rage ɓarna ne. Mai cikin da kwaɗayin cin ƙasa ko jikin bango ya kama, ta faɗa wa ma'aikaciyar awo ba tare da jin kunya ba, yawanci alamar ƙarancin jini ce.

Ta fuskar samun haihuwa kuwa, jikin namiji na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya kammala haɗa ƙwayar maniyyi. Ke nan abin da ya shaƙa yau zai iya bayyana a gwajin wata biyu ko uku masu zuwa, kuma wanda ya bar aikin guba ya jira wata uku kafin ya sake gwaji. A 1977 aka gano ma'aikatan wata masana'antar maganin ƙwari a Kalifoniya sun daina haihuwa saboda sinadarin DBCP, wasunsu babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsu. Mai feshi ya sa safar hannu da takalmin roba da takunkumi, kada ya yi feshi yana fuskantar iska, kada kuma a mayar da jarkar magani ta ruwan sha ko an wanke ta sau nawa. Mai ciki ba ta da hurumin haɗa magani ko shiga gonar da aka fesa ranar. Gaɓoɓin ɗan tayi tsakanin mako na 3 da na 8 suke haɗuwa, lokacin da mace da dama ba ta ma tabbatar tana da ciki ba.

Zaiba ita ma ƙwaƙwalwa take nema. A Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956, an ga iyaye mata da ba su nuna wata alama sosai ba suna haifar yara masu shanyewar jiki, saboda kifin da suka ci daga ruwan da masana'anta ta gurɓata. Yau daga cikin manyan hanyoyinta akwai uku: tururin da ke tashi in ana ƙona ta don fitar da zinare, wasu mayukan sauya launin fata, da manyan kifayen teku masu cin 'yan uwansu. Ƙananan kifi ba su tara ta sosai, kuma suna da amfani ga mai ciki, kada a ƙaurace musu.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne zaton tafasa ruwa na kawar da komai. Ƙwayoyin cuta yake kashewa. Dalma da sinadarin naitiret, wanda ke tsiyaya cikin rijiya daga takin zamani ko masai, ƙaruwa ma suke yi in ruwan ya ƙone. Iyakar naitiret miligiram 50 ce a lita. In aka dama madarar jaririn da bai kai wata shida ba da ruwan da ya zarce haka, jininsa kan kasa ɗaukar iskar numfashi, leɓɓansa su yi shuɗi. Nonon uwa kariya ne daga wannan. Ko uwar da ke da dalma, ƙa'idar Amurka ta ce ta ci gaba da shayarwa muddin adadin da ke jininta bai kai maikrogiram 40 a desilita ba.

Roƙonmu ga masu tsara katin awo shi ne a ƙara layin sana'ar miji da tushen ruwan sha, wadda amsarta ta nuna haɗari a auna jininta. A lura kuma da gwajin tsinin yatsa: in ba a wanke hannun da sabulu sosai ba, ƙurar da ke kan fata kan shiga ɗigon jinin ta ba da adadin ƙarya. Duk sakamakon da ya yi sama a maimaita shi da jinin jijiya kafin a yanke hukunci.

Mun gode.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar mata da ƙananan yara