Yadda Wutar Lantarki Ta Isa Ƙauyukan Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi bayani kan wani abu da ake yawan kawowa misali idan ana zancen wutar lantarki a karkara. Sau da yawa za ka ji ana cewa fasaha ce ta ɗaga Amurka, kamar fasahar da ƙafarta ta taka ta shiga ƙauye. Tarihin ƙasar bai nuna haka ba. Thomas Edison ya kunna tasharsa ta titin Pearl a birnin New York a 1882. Shekara hamsin da 'yan kai bayan haka, a 1935, gida tara cikin goma a biranen Amurka na da wuta, amma gona ɗaya ce kawai cikin goma take da ita. Injin yana nan, waya tana nan, injiniyoyi suna nan. Abin da ya rage shi ne wanda zai yanke shawarar cewa manomi ma ya cancanci wuta, ya kuma nemo kuɗin da za a yi aikin.

Kamfanonin wuta masu zaman kansu suna da lissafinsu, kuma lissafin ba na banza ba ne. Sun ce jan layi na mil ɗaya, wato kilomita 1.6, zai ci dala 1,500 zuwa 2,000. A birni mil ɗaya zai ɗauki gidaje da dama, a karkara kuwa wataƙila gona biyu ko uku. Saboda haka manomin da ya nace sai an kai masa wuta, sai a ce ya biya kuɗin layin tun farko, layin kuma ya zama mallakar kamfani, sannan a sayar masa da yunit da tsada fiye da ɗan birni. Ga shi kuma harkar tana hannun mutane ƙalilan: a 1932 manyan kamfanoni takwas ne ke riƙe da kusan kashi 73 cikin ɗari na wutar da 'yan kasuwa ke sayarwa. A shekarar ne daular kamfanonin wuta ta attajiri Samuel Insull na Chicago ta rushe, dubban masu hannun jari suka yi asara, mutane suka fusata da kamfanonin.

Wannan fushin ne ya buɗe wa 'yan siyasa ƙofa. A watan Mayun 1933 gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumar kwarin kogin Tennessee, wadda aka sani da TVA, don gina madatsun ruwa da sayar da wuta da araha. A 1934 mutanen gundumar Alcorn ta jihar Mississippi suka haɗa ƙungiyar gama-kai suka fara sayen wutar TVA suna rabawa tsakaninsu, aka ga abin yana tafiya. Ranar 11 ga Mayu, 1935 Roosevelt ya sa hannu a umarnin da ya kafa hukumar kai wuta karkara, REA, ya naɗa injiniya Morris Cooke shugabanta. Da farko Cooke kamfanonin ya nema su karɓi rance su yi aikin. Da ya ga suna son kuɗin amma ba su da niyyar rage farashi ko isa lungu, sai hukumar ta juya ga manoman kansu. Sanata George Norris na Nebraska da ɗan majalisar wakilai Sam Rayburn na Texas suka ɗauki ƙudurin, ya zama doka a Mayun 1936, aka ware dala miliyan 410 na rance cikin shekara goma.

A lura, gwamnati ba ta ba da kyauta ba, ba ta kuma gina layin ta riƙe ba. Bashi ta bayar, da kuɗin ruwa daidai da wanda ita kanta take biya idan ta ci bashi, wajen kashi 3 cikin ɗari, a biya cikin shekara 25. A 1944 majalisa ta sassauta ta mai da shi kashi 2, a biya cikin shekara 35. A ganina wannan shi ne ginshiƙin komai. Turke da waya suna yin shekara talatin ko arba'in suna aiki. Idan aka ce a mayar da kuɗinsu cikin shekara biyar, dole farashin yunit ya yi tsadar da manomi zai gudu. Idan aka shimfiɗa bashin ya yi daidai da tsawon ran kayan, sai biyan kowane wata ya sauko inda zai iya.

Ga yadda ake kafa ƙungiyar. Wasu manoma, sau da yawa tare da malamin gona na gunduma, su kira taro a makaranta ko coci. A zaɓi mutanen da za su bi gida-gida suna karɓar dala 5 kuɗin shiga, a sa hannu a takardar alkawarin cewa za a sayi wuta idan ta zo, a kuma biya wani mafi ƙarancin kuɗi duk wata ko an sha wutar ko ba a sha ba. Dala 5 kuɗi ce mai nauyi a shekarun karayar tattalin arziki, kuma wasu sun ƙi sa hannu don tsoron gwamnati za ta ƙwace gonarsu idan ƙungiya ta kasa biya. Sai an zaunar da su an nuna musu cewa layin ne jingina, gonar ba ta ciki. Daga nan a shimfiɗa taswirar gunduma a saka alama a kan kowane gidan da ya biya, a zana hanyar da layi zai bi. Hukumar tana son a samu kamar gida uku a kowane mil kafin ta amince. Sannan a sake zagayawa a nemi kowane mai gona ya yarda a rubuce layi ya ratsa gonarsa ba tare da diyya ba, domin da an ce sai an biya kowa, da kuɗin ya ƙare kafin a kafa turke ɗaya. Mutum guda ya ƙi, sai layi ya yi kwana, kowace kwana kuma ƙarin turke ne da ƙarin wayar ɗaure. Kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi wajen zaɓen shugabanni, rarar kuɗin da ta saura kuma ana rubuta ta da sunan membobi a mayar musu daga baya.

Ƙa'idar gida uku ɗin ma siyasa ta taɓa ta. Yankin tsaunukan tsakiyar Texas bai kai wannan adadi ba, sai da wani matashin ɗan majalisa, Lyndon Johnson, ya kai maganar har gaban Roosevelt aka sassauta. Ƙungiyar yankin, mai suna Pedernales, ta samu rancen sama da dala miliyan ɗaya a 1938, wuta ta kama a 1939.

Injiniyoyin hukumar su ma sun yi nasu. Sun bar tsarin birni na wayoyi uku a kan katakon gicciye, suka koma ga waya ɗaya mai ɗauke da wuta a ƙolin turke, mai ƙarfin bolt 7,200, da wayar dawowa a ƙasanta wadda ake haɗawa da ƙasa a kai a kai. Suka yi amfani da waya mai ƙarfe a ciki, ko alminiyam ya naɗe ta ko jan ƙarfe ya lulluɓe ta, wadda ake iya ja sosai ba ta tsinke ba. Hakan ya ba da damar nisanta turaku, daga wajen talatin a mil zuwa ƙasa da ashirin. Kowace gona aka rataya mata ƙaramar taransfoma a turken ƙofar gida ta sauko da wutar zuwa bolt 120 da 240. Aka fitar da zane iri ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, aka riƙa sayen kaya da yawa lokaci guda, ma'aikata kuma aka raba su rukuni-rukuni: masu awo a gaba, masu haƙa rami na biye, sai masu kafa turke, sai masu jan waya. Kafin 1940 kuɗin mil ɗaya ya faɗo ƙasa da dala 1,000. Cikin gida ma an sauƙaƙa: akwatin fis mai amfiya 60, layi ɗaya na kicin, biyu ko uku na fitilu, ƙwai ɗaya a rufin kowane ɗaki da makunni kusa da ƙofa, soket kuma da wuya ya wuce ɗaya a ɗaki.

Arahar tana da nata farashin. Layi mai waya ɗaya idan ya yi nisa ƙarfin wuta yana raguwa a ƙarshensa, kuma ba ya ɗaukar manyan injuna, don haka daga baya sai da aka sake gina layuka da yawa zuwa wayoyi uku. Tsohuwar wayar tarho ta manoma, wadda ita ma ta ƙasa take dawowa, ta riƙa ɗaukar ƙugin layin wuta har magana ba ta jiyuwa, wannan na cikin abin da ya sa a 1949 aka ƙara wa hukumar aikin ba da rancen tarho. A gidajen madara kuma, idan haɗin ƙasa ya lalace, 'yar wuta kan bi bututun ruwa ta riƙa jan shanu, su ƙi sha, nono ya ragu.

Babbar barazana ta fito daga wurare biyu. Kamfanonin da suka ce karkara ba riba, da suka ji ana haɗa ƙungiya, sai su yi sauri su ja layi ta tsakiyar yankin, wani lokaci cikin dare, su kwashe manyan gonaki da gidajen bakin titi, su bar wa ƙungiya na nesa da matalauta, lissafin gida uku a mil ya rushe. Kuma ƙungiya rarraba wuta take yi, ba ta samar da ita, saboda haka wanda ke sayar mata da sari yana iya shaƙe ta da farashi. Maganin wannan ma doka ce: dokokin madatsun ruwa na tarayya, har da ta Bonneville ta 1937 da ta hana ambaliya ta 1944, sun ba ƙungiyoyin gama-kai da hukumomin gari fifiko wajen sayen wutar gwamnati.

Akwai kuma matsalar da ba a cika tunawa da ita ba. Gidan da ya kunna ƙwai biyu kawai ba zai biya bashin layi ba. Dole mutane su sha wutar da yawa. Don haka gwamnati ta ba da rancen sayen kayan wuta, hukumar kuma ta riƙa yawo da babban tanti gari-gari ana nuna yadda ake girki, wanki da niƙa da lantarki. Dutsen guga da rediyo su ne aka fi fara saye, dalilin kuwa a fili yake ga duk wanda ya san matar da take ɗora dutsen ƙarfe a murhu tana guga da rani. Sai injin wanki, firji da famfon rijiya. Ruwa ya shigo kicin, aka daina ɗauko shi da bokiti. Madara ta samu sanyi ta kai kasuwa ba ta lalace ba, 'yan tsaki suka samu ɗumi, yara suka yi karatu da dare. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin saboda jan ƙarfe ya tafi wajen makamai, amma da aka gama aka ci gaba, zuwa 1953 sama da kashi 90 cikin ɗari na gonaki na da wuta.

Ba kowa ya shiga lokaci guda ba. Manoman haya da masu noman raba-daidai, wato masu noma gonar wani a raba amfanin, a kudancin ƙasar, waɗanda da yawansu baƙaƙen fata ne, sun daɗe a baya, domin gidan ba nasu ba ne kuma mai gona ba ya son kashe kuɗin waya. Har yanzu dubban gidaje a ƙasar ƙabilar Navajo ba su da wuta. Kuma wuta da tarakta sun rage buƙatar hannu a gona, gonaki suka ragu daga miliyan 6.8 a 1935 zuwa kimanin miliyan biyu, yaran ƙauye da yawa suka koma birni. Siyasar ma ba ta kwanta ba: gwamnatin Richard Nixon ta dakatar da rancen kashi 2, sai da majalisa ta dawo da shirin a 1973 da kashi 5 ga yawancin masu karɓa. Yau ƙungiyoyin kusan 900 ne, suna ba mutum miliyan 42 wuta a jihohi 48, da gida kamar takwas a mil, alhali kamfanonin 'yan kasuwa na da sama da talatin. Da maganar intanet ta taso, labarin ya maimaita kansa: kamfanoni suka tsallake ƙauye, majalisa ta ware dala biliyan 65 a 2021, ƙungiyoyin wuta da dama kuma suka rataya wayar intanet a kan turakunsu.

Malam Edita, mu ma a Najeriya muna da hukumar kai wuta karkara wadda dokar 2005 ta tanada, dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Ina roƙon wakilan jaridarka, idan suka je buɗe wani aikin wuta ko na hasken rana a ƙauye, su tambayi jami'ai nawa kilomita ɗaya ta ci, gida nawa ke kanta, shekara nawa aka ɗiba don mayar da kuɗin da kuma kuɗin ruwa nawa. Su tambayi wa ya mallaki layin, wa zai sayi taransfoma idan ta ƙone, kuma ko an tanadar wa mai injin niƙa, mai walda da mai sayar da ƙanƙara rancen kayan aiki. Su buga mana amsoshin kamar yadda aka ba su.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Zariya