Lasifikokin baya sun hana mu jin daɗin kallo, ina mafita?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da abokan aiki. Na daɗe ina sauraron shirinka na amsa tambayoyi kan kayan lantarki, amma yau ne karon farko da na rubuto. Abin da ya kawo ni wani zai ga ƙarami ne. A gidana kuwa ya zama zancen da ake tayarwa kusan kowane dare.

Ni malamin sakandare ne a Zariya. Bayan sallar isha'i mukan taru a falo, ni da mahaifiyata da uwargida da yara, mu yi kallo na awa ɗaya ko biyu. Wannan zaman shi ne hutuna, kuma shi ne lokacin da Hajiya take sakewa ta yi hira da jikokinta. Shekarun baya na sayi hom tiyata irin wanda ke zuwa a kwali ɗaya, na'urar DVD da ƙananan lasifikoki biyar da wufa, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai nauyi. Da na'urar ta tsufa ta daina aiki, sai bara na yi adashi na sayi amfilifayar Yamaha ta gwanjo, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta raba wa lasifikoki, mai tsarin 5.1 (lasifikoki biyar da wufa ɗaya), da manyan lasifikoki biyu na gaba masu tsayuwa a ƙasa, da ta tsakiya wadda ke fitar da maganar 'yan wasa. Nan kuɗina suka ƙare. Tsohuwar wufar ba ta da amfilifaya a cikinta, don haka na ajiye ta. Na baya biyun kuma na ce bari in lallaɓa da ƙananan na tsohon saitin kafin Allah ya hore.

To Malam, lallaɓawar ta kai ƙarshe. Duk lokacin da na ƙara murya a fim mai hayaniya, amfilifayar sai ta kashe kanta. Da na duba bayan ƙananan lasifikokin sai na ga an rubuta om 3 (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga lantarki), alhali a jikin amfilifayar an nuna om 6 ne mafi ƙanƙantar abin da za a haɗa mata. Na fahimci kare kanta take yi daga zafi, kuskuren nawa ne da ban karanta ba tun farko. Yanzu lasifikar baya ta hagu ma ta fara ƙarar tsartsatsi, kamar ana yaga takarda. Ko a lokacin da suke lafiya, sautinsu bai dace da na gaba ba. Idan mota ta taso daga gaba ta wuce baya a fim, tana farawa da nauyi, sai ta ƙare da ɗan siririn sauti kamar na rediyon hannu.

Na tara naira dubu 150 don wannan gyara, kuma ba kuɗin da zan sake samu nan kusa ba ne. Shi ya sa nake tsoron in kashe su a inda bai dace ba.

Babbar damuwata ita ce wurin ajiye su. Falon namu mita 4 ne a faɗi, mita 5 a tsawo, ƙasa tayil, sama silin na roba. Doguwar kujerar da muke zama tana manne da bangon baya, babu yadda za a yi a matso da ita gaba saboda hanyar shiga kicin. Na karanta cewa a tsarin 5.1 waɗannan lasifikokin ba a bayan kai ake so su zauna ba, a gefe ne, sun ɗan koma baya kaɗan, wajen digiri 110 daga inda mai kallo yake fuskanta, kuma sama da kunne kaɗan. Ni kuwa a kan 'yan teburan gefen kujera na ɗora su. Wanda ya zauna a tsakiya yana jin abin daidai. Amma Hajiya a ƙarshen kujerar take zama, saboda ta fi samun sauƙin tashi idan ta dafa hannun kujerar, kuma lasifikar ba ta fi taku ɗaya daga kunnenta ba. Rannan aka buga ƙofa a fim, ta zabura har carbinta ya faɗi. Tun daga ranar, da an kunna sai ta ce, "Ɗan nan, kashe mini wannan ta kusa da ni." Wani dare ma ta tashi ta shige ɗaki. Abin ya tsaya mini a rai, domin saboda mu zauna tare na sayi kayan nan.

Na nemi shawara, sai na samu uku da ba su jitu ba. Wani abokin aikina ya ce in nemi na kamfani ɗaya da jeri ɗaya da na gaban, ko da ƙanana ne, don muryarsu ta zo ɗaya. Hujjarsa ta shige ni, sai dai na gaban nawa tsohon yayi ne, na zaga ban samu 'yan uwansu ba. Wani mai shago ya nuna mini wasu da aka rubuta wat 1000 a kwalinsu, ya ce da su da jirgin sama babu bambanci. Ban yarda ba, don na ga PMPO ne aka rubuta a gefen lambar, wato ƙololuwar ƙarfi na ɗan lokaci, kuma na san RMS, ƙarfin da lasifika ke iya ɗauka a kai a kai, shi ne ma'aunin da ake dogara da shi. Na ukun wani mai gyaran rediyo ne dattijo. Shi ya ce ga mai kujera a jikin bango, a nemi irin lasifikar da ke da baki biyu, ɗaya na kallon nan ɗaya na kallon can, a kafa ta sama a bango, sautin zai bazu maimakon ya doki kunnen mutum ɗaya. Ya ce idan ba a samu ba, ko mai baki ɗaya ce a ɗaga ta sama a juya fuskarta kada ta nufi kan mai zama.

Maganar dattijon nan ta fi kwanta mini. Amma ina so in ji daga gare ka: ga falo irin nawa, mai baki biyun ta cancanci ƙarin kuɗinta, ko ƙananan lasifikoki masu kyau na om 6 ko 8 da aka kafa a wurin da ya dace sun wadatar? Kuma nawa ne tsayin da zan ba su daga kunnen wanda ke zaune?

Akwai kuma batun saiti. Irin wannan amfilifayar tana zuwa da ɗan makirufo na tsarin YPAO da ke auna ɗaki ya daidaita komai da kansa, amma tawa ba ta zo da shi ba. Da hannu na shigar da nisan kowace lasifika bayan na auna da tef. Na sa na bayan a matsayin ƙanana, na tsayar da mararrabar sauti, wato iyakar da sautin da ya fi ta nauyi ba ya zuwa ƙananan lasifikoki, a 80 Hz kamar yadda aka fi ba da shawara. Tunda ba ni da wufa, nauyin sautin yana komawa na gaba ne. Shin 80 ɗin ya yi wa ƙananan lasifikoki, ko in ɗaga zuwa 100 ko 120? Idan na rage ƙarfin ta gefen Hajiya ita kaɗai, na ɓata wa sauran masu kallo ke nan?

Waya ma matsala ce. Daga amfilifaya zuwa bangon baya, idan aka bi gefen bango aka zagaye ƙofa, ya kai mita 10. Yanzu siririyar wayar tsohon saitin ce ke kwance a ƙarƙashin kafet, kuma autanmu ya fara rarrafe, uwargida ta ce lallai a ɗauke ta. Tana da gaskiya. Wane kauri zan saya, kuma yaya zan gane ta jan ƙarfe zalla daga wadda aka yi wa rufin jan ƙarfe kawai?

Tambayar ƙarshe ita ce ta fi hana ni barci. Yawancin abin da muke kallo, finafinan Hausa da wa'azi da labarai, sautinsu na hagu da dama ne kawai. Na bayan ba sa cewa komai sai na kunna Dolby Pro Logic II, wanda ke rarraba sautin da kansa. Cikakken 5.1 sai a finafinan waje da ni da babban ɗana muke kallo ranar Asabar. Ke nan ko hikima ita ce in sayi masu sauƙin kuɗi na baya, in ajiye ragowar don wufa? Ko in cire na bayan gaba ɗaya na ɗan lokaci, mu zauna da uku na gaba?

Ina roƙon ka amsa a shirin mako mai zuwa idan da hali, don ban so in taɓa kuɗin kafin in ji ta bakinka. Zan kunna rediyon a falo, Hajiya ma ta ce za ta saurara.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka mai sauraro,
daga Zariya, Jihar Kaduna.