A auna mana ƙasar da yaranmu ke wasa a kai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi kuka kan ƙasar unguwanninmu a nan Kano. Bayan gidanmu akwai rumfar masu gyaran batirin mota. Kullum a idona ake fasa tsohon batir da guduma, a tsiyaye ruwansa a kwata, a narka dalmar cikin gwangwani a kan gawayi. Wurin ya yi fari fat, ko ciyawa ba ta fitowa. Taku goma daga nan yara ke langa, jikata mai rarrafe kuwa duk abin da ta damƙa sai ya je baki.

Ba mu manta Zamfara ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka gano gidajen da suka gurɓace: wata 'yar na'ura ce ta riƙewa a hannu, XRF, a ɗora ta a ƙasa, nan take ta nuna yawan dalmar. Da ita aka san inda za a kankare a zuba sabuwar ƙasa, kamar yadda aka yi a ƙauyen Bagega a 2013. Amma sai da aka binne yara kafin na'urar ta iso.

Gubar dalma ta birni ba kasafai take kisa farat ɗaya ba, a hankali take cin ƙwaƙwalwar yaro, a ce ba ya ganewa a makaranta. Dalma ba ta ruɓewa. Wadda hayaƙin fetur na da mai dalma ya bari tana nan a bakin titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce komai ƙanƙantarta a jini illa ce. Ga kuma gubar sinadarin kiromiyam na kamfanonin jima a Challawa da Sharaɗa.

Roƙona ga NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli da malaman Jami'ar Bayero: a auna filayen makarantun firamare da Islamiyya, da ƙurar tagogin azuzuwa, musamman lokacin hunturu. A faɗi sakamakon a rediyo da Hausa, unguwa-unguwa. Ba korar masu batir nake nema ba, abincinsu ke nan, kuma su suka fi kowa shaƙa. A ba su wuri mai daɓen siminti nesa da gidaje, a fara awon da layinmu.

Wassalam,
Wata kaka, daga Kano.