Wasiƙa daga Lankasha zuwa ga Bala

Assalamu alaikum mutumina Bala, ya gida ya iyali, ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa lafiya. Ka gaishe min da Hajiya da kyau, da uwargida da yara.

Maganar Baba ce ma ta sa na zauna nake maka wannan dogon rubutu, don tun da na je wata tsohuwar masaƙa a nan gefen garin Burnley, a yankin Lankasha na Ingila, yake ta faɗo min a rai. Sunanta Queen Street Mill, ta fara aiki a 1895 aka rufe ta a 1982, yanzu an mai da ita gidan tarihi amma ba a taɓa komai ba, injin tururin da ke juya ta yana nan da wajen zuba kwal, ga injinan saƙa kusan 300 a jere a ɗaki ɗaya. Wallahi Bala da aka kunna ƴan kaɗan daga ciki don baƙi su gani sai da na toshe kunne, ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, to ka lissafa duka suna aiki tun asuba har yamma. Nan take na tuna yadda sai mun ɗaga murya idan za mu gaida Baba, muna yara muna ɗauka tsufa ne, ashe aikin da ya yi a masaƙar Kakuri ta Kaduna ne ya ci kunnen.

Su ma nan haka suka kurumce. Galibin masu saƙar mata ne, mace ɗaya tana kula da inji huɗu, daga baya aka ƙara musu zuwa shida, kuma iya yadin da ta fitar iya kuɗinta, in aka sami aibi a ƙyallen a yanke mata. Da yake ba mai jin wani sai suka koyi magana da leɓe, mace na can ƙarshen ɗaki za ta ba ƙawarta labari kaf ba sauti, baki kawai take motsawa da ɗan nuni da hannu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙoshiyar saƙa, mai kai zare da komowa a cikin inji. An ba ni ɗaya na riƙe, katako ce mai nauyi da ƙarfe a baki biyu, ta sha hannu har ta yi sulɓi tana ƙyalli. In zaren kwarkwaro ya ƙare aka sa sabo, sai mai saƙa ta kafa baki a ɗan ramin ta zuƙo zaren da numfashi, haka za ta wuni tana yi, ƙurar auduga da man inji duk suna shiga ƙirji, kuma ƙoshiyar nan ba bakin mutum ɗaya take shiga ba, shi ya sa aka yi ta zargin tana yaɗa tarin fuka a tsakaninsu. Ga tururi da ake sakar musu a ɗakin don kar zare ya bushe ya riƙa tsinkewa, su fito jiƙe sharkaf cikin sanyin Ingila da takalman katako a ƙafa.

Akwai wata sana'a da ta ban mamaki, mutum ne da doguwar sanda yana bi gida gida kafin gari ya waye yana ƙwanƙwasa tagar sama don ma'aikata su tashi, ana biyansa ƴan kwabbai a sati, saboda talaka ba shi da agogo kuma wanda ya makara sai a ci shi tara. Yara ma ba a bar su ba, sai a dokar 1819 aka fara hana ɗaukar ƴan ƙasa da shekara 9 a masaƙun auduga, bayan nan kuma aka daɗe yaro yana rabin wuni a makaranta rabi a masaƙa.

Amma fa kafin injinan nan saƙar hannu suke yi a gidajensu kamar masaƙanmu na Kano, har yau in ka bi ƙauyuka za ka ga tsofaffin gidajen dutse masu tagogi a jere don haske ya samu mai saƙa. Wani John Kay mutumin Bury ya ƙirƙiro ƙoshiya mai tafiya da sauri a 1733, kaɗi ya kasa cim ma saƙa, sai James Hargreaves da Samuel Crompton suka fito da injinan kaɗi, zare ya wadata, masaƙan hannu suka sami kuɗi na wani lokaci. Da injin saƙa ya shigo kuwa sai ladansu ya faɗi warwas, yunwa ta kai su bango, a watan Afrilun 1826 suka tashi suka farfasa injina sama da 1,000 a gabashin Lankasha, sojoji suka harbe mutum 6 a wani wuri Chatterton. Ni dai ban ga laifinsu ba, mutum ya ƙware a sana'ar da ya gada, rana ɗaya a nuna masa hannunsa ba shi da daraja, ƴaƴansa na kuka.

To ga inda labarin ya zo ƙofar gidanmu. Don masaƙun nan ne aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a Manchesta a 1902, ita ce ta kakkafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma auduga suke sa ran zai riƙa kwasowa, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi ci suka koma mata. Sannan masaƙar farko ta Kaduna da ta fara aiki a 1957, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead aka gina ta, ƴan garin Rawtenstall, daga Burnley ba nisa a bas. Wato turawan da su Baba ke ba mu labari sun koya musu gyaran inji, akwai ƴan nan yankin a cikinsu. Da na gane haka sai da tsigar jikina ta tashi.

Su nan masaƙunsu sun mutu kamar yadda namu suka mutu, yadin Indiya da Japan mai araha ya kashe musu kasuwa, amma sun bi tsofaffin ma'aikata sun naɗi muryoyinsu suna ba da labari da bakinsu, an adana. Mu kuwa tsofaffinmu na ta tafiya da abin da ke kansu.

Don Allah Bala ka samu ranar da Baba yake jin ƙarfi ka zauna da shi ka kunna rikoda a waya, ka tambaye shi wane sashe ya yi aiki, inji nawa yake riƙewa, nawa ne albashinsa na farko, wa ya koya masa ƙulla zare in ya tsinke, da irin sunayen da suke kiran kayan aiki a tsakaninsu. Kar ka katse shi ko ya saki hanya. In katin aikinsa yana nan ka ɗauke shi hoto, ka turo min duka ta WhatsApp, ni ma zan tura maka bidiyon injinan ka nuna masa ko zai gane irin nasu a ciki.

Ka ce masa ina gaishe shi ina kuma neman addu'a. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Aminu