Roƙo Ga Mahautanmu: A Daina Daddatsa Naman Shamaki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani yanki na naman sa wanda nake ganin ba mu ba shi haƙƙinsa ba a nan Garwa, da ma Marwa da Ngaundare inda na taɓa zama, alhali kuwa babu yankin da ya fi shi dacewa da gidan da ba shi da lokacin tsayawa a kan tukunya. Ni jikan mahauci ne, kuma ko da yake koyarwa ce sana'ata, na tashi ina riƙe wa kakana ƙafar sa yana fiɗa, saboda haka abin da idona ya gani nake kawowa.

Idan aka feɗe sa aka buɗe shi, akwai wani shamaki da ya raba ƙirji, inda huhu da zuciya suke, da ciki, inda tumbi da hanta suke. Tsakiyar shamakin farin tantani ne, amma gefensa, inda ya manne da haƙarƙari, jan nama ne siriri mai tsawo kamar ɗamara, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tsawonsa yakan kai kamu guda ko ya ɗara, faɗinsa kamar tafin hannu, kaurinsa kuwa kamar yatsa. Da shi dabba take numfashi, bai taɓa hutawa ba tun daga haihuwarta har ranar yanka, shi ya sa ya fi sauran tsoka duhu kuma ya fi ta ɗanɗano. Da Faransanci sunansa hampe, ni kuwa a wannan wasiƙa zan kira shi naman shamaki.

Abin da yake damuna shi ne yadda ake yi da shi a kasuwa da wurin watanda. A jajiberin Ƙaramar Sallar da ta wuce mun yi watanda a unguwarmu, na tsaya ina kallo mahaucin da muka ɗauko ya yanko shamakin tare da tantaninsa, ya ɗora a kan kututture, ya daddatsa shi gunduwa-gunduwa, sannan ya bi kashi-kashin da aka jera a kan buhu yana jefa wa kowa ɗan guntu a matsayin cikon kayan ciki. Ban ga laifinsa ba, domin adalcin rabo yake nema kuma haka ya tarar ana yi. Amma daga nan naman ya tafi tukunyar miya ko farfesu, ya sha tafasa na awa biyu tare da tumbi da hanji, ya zama zare-zare, ɗanɗanonsa ya narke cikin romo, babu wanda ya san ya ci shi.

Kakana, Allah Ya jiƙansa, ba haka yake yi ba. Kafin a fara sara yakan zare shamakin biyu ɗungurungum, ya ce da ni, "Yaro, riƙe nan da kyau," in kama bakin naman, shi kuma ya sa babban yatsa ƙarƙashin tantanin ya ja shi a hankali har ya ɓare kamar ana cire riga. Ya yayyafa gishiri kaɗai, ya shimfiɗa a kan garwashin da ya yi ja, kuma kafin abokan aikinsa su gama wanke hanji mun riga mun ci. Daga baya na fahimci cewa ba shi kaɗai ba ne: a Faransa ma ana lissafa hampe cikin yankunan da ake kira rabon mahauci, wato waɗanda mahauci yake keɓe wa iyalinsa. A jihar Tekzas ta Amurka kuwa, a shekarun 1930, makiyaya 'yan asalin Meziko ake ba wannan yanki tare da kai da kayan ciki a matsayin wani ɓangare na ladansu, su kuma suka riƙa gasa shi a kan wutar itace suna naɗewa cikin gurasarsu. Wannan shi ne asalin abincin da ake kira fahita, daga kalmar Sifaniyanci mai nufin ɗamara, kuma yau naman da aka raina ya zama mai tsada a can.

Gasa shi ba wuya, amma akwai wurare biyu da ake kuskure. Na farko wuta. Nama ne siriri, saboda haka wuta mai ƙarfi yake so na ɗan lokaci, saɓanin balangu da ake bari ya daɗe a gefen tukuba. A bar gawayi ya kama sosai har hayaƙi ya ɗauke, a tsane naman daga ruwa, a shafa masa ɗan man gyaɗa da gishiri, a ɗora kusa da garwashi, minti uku ko huɗu a juya, wani minti uku ko huɗu a sauke. Wanda ba shi da gawayi sai ya ɗora kasko mai kauri har ya fara hayaƙi, ya raba naman gida uku don ya kwanta sosai, kuma kada ya cika kaskon, domin idan ya cika ruwa zai fito, gashi ya koma dahuwa. Yajin ƙuli yana ƙonewa ya yi ɗaci a irin wannan wuta, gara a barbaɗa shi a minti na ƙarshe ko bayan an sauke. Bayan saukewa a rufe shi da faranti minti biyar kafin wuƙa ta taɓa shi, in ba haka ba romonsa a faranti zai ƙare.

Kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni, shi ne yanka. Duk wanda ya duba naman da kyau zai ga zarensa a fili, kuma zaren a faɗi yake kwance, daga wannan gefe zuwa wancan. Hannu yakan so ya bi ɗamarar yana yankawa a gicciye kamar ana yanka burodi, to wannan bin zare ne, kuma kowace loma za ta zo da dogon zare wanda haƙori zai sha wahala a kansa. Abin da ya kamata shi ne a fara datsa ɗamarar gunduwa-gunduwa masu tsawon yatsa, sannan a juya kowace gunduwa a yanka ta siriri-siriri ta yadda wuƙa za ta tsinka zaren. Na taɓa halartar wata walima inda aka gasa shi daidai, ƙamshi ya cika gida, amma mai yankan ya bi zare, dattawa suka tauna suka gaji suka tura wa yara, aka tashi ana cewa naman tsohuwar saniya ne. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, domin na san naman ba shi da laifi.

Gaskiya ne shanunmu, ko Gudali na Adamawa ko jajayen shanun Mbororo, suna cin doguwar tafiya, ba su da kitse kamar na turke, kuma ranar da aka yanka ake sayarwa, don haka namansu yana da ɗan tauri. Maganin wannan yana bayan gida: a murje ganyen gwanda a naɗe naman a ciki kamar awa guda, domin akwai sinadari a gwanda mai sassauta tsoka, amma idan ya daɗe sai naman ya lalace ya yi laɓo-laɓo. Lemun tsami da tafarnuwa da citta da masoro su ma suna shiga jikinsa da sauri saboda zarensa a buɗe yake. Sai dai a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40, kada a bar ɗanyen nama a jiƙe a fili. Ko dai a sa shi a firiji ko a gasa da wuri.

Akwai wani gargaɗi da ba zan iya tsallakewa ba, musamman ga matasanmu masu kallon girkin Turawa a waya, inda ake yanka wannan nama cikinsa jawur ana yabawa. Shamaki yana cikin wuraren da ƙwayar tsila ta fi zama a jikin sa, tare da zuciya da harshe da naman kumatu, shi ya sa malaman dabbobi suke tsaga waɗannan wurare idan suna duba nama a mayanka. Ƙwayar farar aba ce ƙarama, kamar ƙwayar shinkafa ko ta ɗan fi, kuma idan mutum ya ci ta da rai sai ta zama tsila mai tsawon mitoci a hanjinsa. Saboda haka a sayi naman da ya bi ta mayanka aka buga masa hatimi, a duba shi da ido lokacin ɓare tantani, kuma a gasa shi har zafin cikinsa ya kai aƙalla digiri 63. Yawancinmu ba mu da ma'auni, don haka a tsaga wuri mafi kauri a tabbatar ja ya ɗauke. Sirantakarsa ce take taimakonmu a nan, domin yana nuna har ciki kafin ya bushe, kuma idan wani gefe ya yi kauri sai a bubbuga shi da taɓarya ya daidaita.

Uwargidan da ta dawo daga aiki ko kasuwa tana iya gasa shi tsakanin Magariba da Isha'i, ta yanka albasa da tumatir, a ci da burodi ko shinkafa ko masa, kuma ɗamara guda tana isar mutum uku ko huɗu. Ga suna ko walima ko hirar dare a tsakar gida lokacin bazara, sai a tuna cewa biyu kacal ke jikin kowane sa, dole a yi magana da mahauta biyu ko uku tun kwana ɗaya kafin ranar.

A nan ne nake miƙa roƙona ga Sarakunan Fawa na garuruwanmu da ƙungiyoyin mahauta, daga Ngaundare har Kusiri da 'yan'uwanmu na Njamena: su umarci yaransu su riƙa zare shamaki ɗungurungum, su rataye shi daban, su sayar da shi a kilo a kan farashin da ya dace da shi. Masu shirya watanda kuma su keɓe shi tun farko, ko a yi masa kuɗi a zuba cikin asusun ƙungiya, ko a gasa shi nan take a ba waɗanda suka yi aikin fiɗa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru.