Zuwa ga ɗana mai son zama makaniken motocin tsere

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta faɗa mini ka fara gajiya da gareji, wai wata shida ke nan maigidanka bai ba ka komai ba sai kwance taya da wanke noti, alhali burinka motocin tsere ne. Shi ya sa na ga gara in rubuto maka.

Na san inda wannan sha'awa ta samo asali. Tun kana ƙarami kake zama gaban talabijin kana kallon shirye-shiryen faɗa, inda makanike zai shiga ƙarƙashin motar da harsashi ya yi wa raga-raga, kafin kiɗa ya ƙare ta tashi kamar sabuwa. Ni ma ina jin daɗin kallonsu. Amma abin da masu shirin ke yankewa shi ne ainihin aikin: laluben inda matsalar take, notin da ya yi tsatsa ya ƙi motsi, gwaji bayan gwaji.

Dubi tseren Formula 1 da kake so. Idan mota ta tsaya canjin taya, mutum wajen 20 ne ke rufe ta. Kowace taya mutum uku ne: mai bindigar iska da ke kwance noti ya ɗaure, mai cire tsohuwa, mai saka sabuwa. Ga masu jak gaba da baya. A 2023, a tseren Ƙatar, makanikan ƙungiyar McLaren sun gama wa direbansu Lando Norris tayoyi huɗu cikin daƙiƙa 1.80. Ka lura da kyau, ɗana: akwai wanda duk rabonsa a cikin wannan bajinta cire taya ne kawai, aikin nan da kake rainawa. Ya maimaita shi ne har hannunsa ya haddace.

Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne na Monako a 2021. Valtteri Bottas, direban ƙungiyar Mercedes, yana na biyu, ya shigo canjin taya. Bindigar ta hau notin tayar gaba ta dama a ɗan karkace, ta cinye haƙoransa, notin ya ƙi fita. Nan tserensa ya ƙare. Sai da aka mayar da motar ma'aikatar Mercedes a Ingila kafin aka iya cire shi. Noti guda! Kuma ƙwararru ne na duniya, ba 'yan koyo ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Don haka ka koma wurin maigidanka da ladabi. Ka koyi fara ɗaura noti da yatsa kafin ka sa sifana, ka koyi ɗaure na taya a gicciye, ba bi da bi ba. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da wa ya ce ka yi sauri. Wannan roƙo ne nake yi maka. Ka kuma riƙe karatun lantarki da kwamfuta, domin motocin tseren yanzu da inji da batir suke tafiya.

Idan ka zo hutu, birkin motata yana ƙara. Kai nake so ka duba mini, in tsaya in ga hannunka. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka