Buɗaɗɗiyar Wasiƙa: Shin Rediyon Soja Yana Iya Rikita Jirgin Fasinja?

Assalamu alaikum, ƙanena.

A ƙarshen laccar da aka yi kan kiyaye haɗurran jiragen sama, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni cewa, tun da jiragen soja da na fasinja suna amfani da fili ɗaya a Kano da Maiduguri da Yamai, me zai hana na'urorin soja su rikita na fasinja, kuma me ya sa ba za a ware wa kowa zangonsa na tashoshin rediyo a huta ba. Ga amsata a rubuce, domin wasu ma su amfana.

Ta fuskar magana tsakanin matuƙi da hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage, an daɗe da yin rabon da kake nema. Jiragen fasinja suna magana tsakanin megahaz 118 da 137, sojoji kuwa galibi tsakanin 225 da 400, kuma kowane ɓangare yana da tashar neman agajin gaggawa, 121.5 ga farar hula, 243 ga soja.

Inda cuɗanyar take shi ne tsakanin megahaz 960 da 1215. An keɓe wannan zango tun asali domin na'urorin da ke nuna wa jirgi hanya. A cikinsa ne na'urar auna nisa, DME, take gaya wa matuƙi nisansa da tashar ƙasa, a cikinsa ne rada take tambayar jirgi a kan 1030 ya amsa a kan 1090, kuma da waɗannan lambobi biyu ne na'urar hana karo a sararin sama take aiki. A wannan zangon ne kuma Amurka da ƙawayenta na ƙungiyar NATO suka girka Link 16, tsarin da jiragen yaƙi da na ruwa da dakarun ƙasa suke musayar bayanai da shi.

Duk wanda ya ji haka zai ɗaga gira, amma a dubi sharuɗɗan da aka gindaya. Link 16 ba ya zama a tasha ɗaya, yana tsalle ne tsakanin tashoshi 51, wajen sau 77,000 a daƙiƙa guda, kuma an hana shi kusantar 1030 da 1090 kwata-kwata. Matsayinsa na ɗan haya ne, ba na mai gida ba: a lokacin zaman lafiya hukumomin farar hula suna ƙayyade yawan saƙon da zai watsa a kowane yanki, kuma a cikin na'urar akwai abin da ke katse watsawa da zarar ta kauce wa ƙa'ida.

Rabon da kake so kuwa ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ke Janiba, ita ce take raba zanguna a babban taron da ake yi duk bayan shekara uku ko huɗu, kuma babu fili mai kyau da ya rage babu mai shi. Ban da haka, rabuwar ita ma tana da nata haɗari. Ranar 29 ga Janairun 2025, jirgin soja mai saukar ungulu ya yi karo da jirgin fasinja a Washinton, mutum 67 suka rasu. Dalilan haɗarin suna da yawa, amma bincike ya nuna cewa jiragen biyu suna kan tashoshi daban, kowanne yana jin hasumiya, ba ya jin ɗan'uwansa.

A ganina, abin da ya cancanci fargabarka ba zaman tare ba ne, toshe sigina da gangan ne. Siginar GPS tana isowa daga tauraron ɗan'adam da rauni ƙwarai, don haka na'urar da aka kunna domin makantar da jirgi maras matuƙi ba ta tantance na abokin gaba da na fasinja. Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta tsara zirga-zirgar jiragen farar hula tsakanin ƙasashe, ba ta shafi jiragen soja ba, sai dai ta ɗora wa ƙasashe nauyin kula da lafiyar jiragen farar hula idan suna tsara musu dokoki, wanda hakan ya bar aikin a hannun kowace gwamnati.

Saboda haka, da yake na'urorin toshe sigina suna ƙara yaɗuwa a yankunan da ake fama da rashin tsaro, abin da nake kira a yi shi ne kada a kunna ko ɗaya kusa da filin jirgi sai an sanar da hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin sama, wato NAMA a Nijeriya ko ASECNA a Nijar, an kuma fitar da sanarwa ga matuƙa. Kada kuma a bar tashoshin ƙasa su lalace da hujjar cewa tauraro ya wadatar. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa birnin Tartu na ƙasar Istoniya har na wata guda saboda katsalandan ga GPS, kuma bai koma ba sai da aka samar da hanyar sauka da ta dogara da tashoshin DME na ƙasa.

Wassalam,
Yayanka.